Hannun da Surukata Ta Buɗe

Ran sallar da ta wuce ina zaune a falon babbar 'yata a Maitumbi, sai ga mijin 'yarta ya shigo, yaro ɗan kirki, ma'aikacin gwamnati. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Daga nan ya miƙe ya je ya ɗosana a hannun kujerar da surukarsa ke zaune, ya leƙa wayarta, ya ce wai har yanzu ba ta iya ɗaukar hoto ba. Ta kai masa dukan wasa a kafaɗa, shi kuma ya sa hannu a farantinta ya ɗauke tsoka. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa duniya ta lalace. Yaron yana ƙaunarta, ita ma tana ƙaunarsa, kowa ya gani. Amma sai na tsinci kaina ina murza tabon da ke wuyan hannuna na dama, ina tuna wata tsohuwa da na yi shekaru masu yawa ina surukinta, ban taɓa ɗaga kai na dubi tsakar idonta ba.

A lokacin Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Gari ne da mutum zai ratsa shi a kan keke kafin shayinsa ya huce. Kukan jirgin ƙasa shi ne agogonmu. In ya yi na safe, mata su hura wuta, in ya yi na yamma, a fara kiran yara su shigo gida. Mahaifina jirgin ne ya kawo shi garin yana saurayi, ya zauna yana sayar da goro a bakin tasha har ya tsufa. Ni kuwa ya sa ni boko, na koyi buga tafireta, da aka buɗe sababbin ofisoshi aka ɗauke ni akawu. Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan ke nufi ba. Mu takwas ne a ɗaki guda, kowa da injinsa, in muka ɗauki aiki gaba ɗaya sai ka ce ruwan sama ke zuba a kan kwano, ga 'yar ƙararrawar nan da ke cewa ƙil a ƙarshen kowane layi. Babu gogewa, babu komawa baya. In ka yi kuskure, takarda uku ka ɓata, don da kabon muke bugawa. Ni ne na fi kowa sauri a ɗakin, kuma na san da haka. Ina da farar riga mai guga, da keke mai madubi biyu, da mata 'yar Wushishi, da jaririya a bayanta. Ban ga abin da ya rage mini a duniya ba.

Mahaifiyar matata, Inna muke ce mata. Ungozoma ce a garinsu, kuma mai tausa. Mahaifinta maɗori ne, a gabansa ta tashi tana ganin yadda ake haɗa ƙashi, ita kuma ta fi karkata ga abin da ke biyo bayan ɗori, wato saki da buɗe gaɓar da ta sandare. Tsakanina da ita kuwa sai kunya irin ta wancan zamani. In ta zo gidanmu, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Ita kuma ta juyar da fuska wajen bango, ta amsa can ciki kamar mai tsoron ta da mai barci. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabanta ba. Ba ta taɓa kama sunana ba. Duk abin da za ta faɗa mini, ko muna taku uku da juna, 'yarta take faɗa wa: "Gaya masa an gode da sabulu." Ni ma in ce, "Ki ce mata ba komai." Ba ƙiyayya ba ce, ba kuma nisa ba ne. Girma ne muke ba juna, kuma har ga Allah a lokacin ban san wata hanyar ba da shi ba.

Abin ya same ni ne a ruwan farko na wata shekara, ran Asabar bayan azahar. Iska ta taso, irin wadda ke zuwa kafin ruwa, ta ɗaga fallen kwanon madafarmu yana kaɗawa yana ƙara. Na taka turmi na kama gefensa don in danne kafin a miƙo mini dutse. Iskar ta fizge shi daga hannuna, bakin kwanon ya bi ta wuyan hannun ya wuce. Ban ma ji zafi ba da farko, sai na ga yatsuna sun saki, jini na bin gwiwar hannu. A asibiti likita ya yi aiki mai kyau, ya ɗinke jijiyoyin da suka tsinke, aka sa filasta. Ranar da aka cire, bayan makonni, na dubi hannun ban gane shi ba. Ya rame, ya yi fari, yatsu uku sun lanƙwashe cikin tafi kamar ƙafar kazar da aka yanka. Tabon ya yi tauri, in na yi ƙoƙarin motsa yatsa sai in ga fatar wurin ta lotsa ciki, yatsan kuwa yana nan inda yake.

Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Na ɗinke abin da ya tsinke. Saura a motsa shi kullum da hannun wanda ya iya, in ba haka ba a nan zai daskare." Masu wannan aikin kuwa a lokacin sai Kaduna ko Zariya, kuma sai mutum ya tare can makonni. Hutuna ya ƙare, ga iyali. Na koma ofis da hannu a aljihu. Ogana mutumin kirki ne, ya sa ni jera fayil, ya ce zai riƙe mini kujerata wata uku. "Bayan nan, ba yadda zan yi, sai dai in nema maka masinja." Ina jera fayil da hagu ina jin wani yana buga injina, yana dukansa kamar mai sussuka. A gida na zama wani mutum daban. Cin tuwo sai da cokali, alwala sai da dabara, in an miƙo mini hannu a masallaci sai in miƙa damtse. Matata ta yi magana in yi tsawa, jaririya ta yi kuka in fice.

Ana cikin haka Inna ta zo dubiya, da ƙunshin daddawa da ƙwaryar man kaɗe. Na durƙusa a inda na saba, hannun na cikin hannun riga. Bayan an gama gaisuwa sai na ji ta ce da 'yarta, "Gaya masa ya fito da shi, ai ba sata ya yi ba." Na fito da shi na ɗora a kan tabarma. Ta daɗe tana kallonsa ta gefen mayafi. Can ta ce, "Bai mutu ba. Kamawa ya yi."

Washegari ta sa aka yanka kaza. Ina cikin ɗaki, su suna tsakar gida, ina jin komai, ina leƙe ta gefen labule. Ta ɗauki ƙafar kazar ta nuna wa 'yarta farar jijiyar da ke ciki, ta ja, yatsun kazar suka dunƙule, ta saki, suka buɗe. Sannan ta ɗaga fatar cinya ta nuna mata wani farin tantani siriri da ke tsakanin fata da tsoka. "Kin ga wannan? Ko'ina a jikin mutum akwai shi, shi ke barin komai ya zame a kan ɗan'uwansa. In wuri ya yanke ya warke ba a motsa shi ba, sai fata da tantani da jijiya su manne wuri guda, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ke kin san in kika kankare ƙanzo da ƙarfi, tukunyar za ki fasa. Jiƙa shi za mu yi."

Da ta ce "za mu yi", nufinta matata ta yi, ita tana faɗa mata daga bayan labule. Haka muka kwashe mako guda. Ni da matata a cikin ɗaki, Inna a bakin ƙofa ta waje tana ba da umarni. Matata kuwa tausayi ya yi mata yawa, da na ɗan yamutsa fuska sai ta cire hannu. Inna ta ce, "Ki danna inda ya yi tauri." Ita kuma ta ce, "Inna, ai ko'ina tauri ne." Inna ta yi tsaki, ta ce, "Akwai taurin ƙashi, akwai taurin kamu, ba ki ji bambanci ba?" Ba ta ji ba, kuma ba laifinta ba ne; abin da yatsu suka yi shekara arba'in suna koyo ba a zuba shi a kunne. Limamin unguwarmu ma da ya ji labari ya ce mini addini bai hana Inna ta taɓa ni ba, uwar mata uwa ce. Na ce na ji. Amma wa zai fara faɗa, ni ko ita?

Wadda ta raba gardamar maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwar Bagwariya Kirista da katanga ɗaya ta raba mu, manomiyar doya, wadda ta san ni tun ina tsirara. Mama muke ce mata, unguwa duka. Hausarta irin ta kasuwar garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta shigo aron rariya, ta tsaya tana kallonmu, rariyar a hannu. Ta ce, "Wane irin wasa ne wannan? Mai magani yana waje, mai ciwo yana ciki, yarinya yana kuka a tsakiya! Inna, kai ne ka iya, kai ne za ka taba." Inna ta ja mayafi ta ce, "Haba Mama, surukina ne fa." Mama ta ce, "Na ce ka duba fuskansa? Bar fuska a daki, hannu kawai zai fito." Kafin wani ya sake magana ta faɗo ɗakin, ta kama damtsena kamar za ta tuge doya, ta zaunar da ni a gindin ƙofa, ta tura hannuna ta ƙarƙashin labule ta ɗora a kan 'yar kujerar tsugunno da ke gaban Inna. "To ga shi nan. Ba suruki ba ne, hannu ne."

Na yi niyyar janyewa, sai na ji an ce bismillahi a hankali, aka lulluɓe hannun da tsumma mai ɗumi. Da aka ɗauke tsumman, yatsu suka sauka. Busassu ne, masu kaushi, amma ba su yi gaggawa ba. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta fara da tabon ba. Can kusa da gwiwar hannu ta fara, ta nutsa babban yatsanta cikin tsoka sannu sannu, ta tsaya, ta jira, har sai na ji wurin ya saki da kansa, sannan ta matsa gaba kaɗan. Ta ɗaga fata tsakanin yatsu biyu tana mirgina ta tana gangarowa. Man kaɗe a damtse da tafi kawai take shafawa. A kan tabon kuwa ba ta so santsi, so take yatsanta ya kama fatar ya tura ta gaba, ya tura ta baya, ya juya ta. Daga ƙarshe ta kama yatsa ɗaya ta miƙar da shi daidai inda zafi ke farawa, ba ta wuce nan ba, ta riƙe. Na ji ta ce, "Gaya masa ya yi numfashi. Ya riƙe shi kamar wanda ya faɗa rijiya."

Haka muka shiga yi, da safe kafin in tafi ofis, da kuma bayan la'asar. Ni ina ciki ina kallon zanen labule har na haddace furanninsa, ita tana waje, matata na gefe tana isar da saƙon da na riga na ji. Ta hannun take sanin halin da nake ciki. "Yau an ɓata masa rai a wurin aiki." Ko kuma, "Wannan bai karya ba ya zauna, ki ba shi koko." Ta kuma ɗora mini ayyukan da ban taɓa zaton zan yi ba: ɓarar gyaɗa, tsintar tsakuwa a shinkafa, murza ƙullun ƙuli. Akawun gwamnati guda, da faifai a cinya! A ɗaki nake ɓuya in yi, amma Mama ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, ka gama tsince shinkafa? Nawa ma yana nan." Rabona da dariya tun kafin ruwan farko, ranar na yi.

Yanzu in gwiwata ta dame ni, yarana kan kai ni wani ɗaki mai sanyi a asibiti, a manna mini wayoyi, a kunna fitila mai zafi, wata yarinya mai safar hannu ta duba agogo ta ce minti goma sha biyar. Suna da ilimi, kuma ina samun sauƙi, ban raina ba. Da a ce akwai irinsu a garin nan a wancan lokaci, da na je da gudu. Sai dai har yau ban sake haɗuwa da hannun da ke tsayawa ya jira nama ya amsa ba. Inna ba ta da agogo. In wuri ya ƙi saki, sai ta zauna a kansa har inuwar katanga ta matsa.

Da aka shiga mako na shida, yatsun sun ɗan buɗe amma ba su kai ko'ina ba, wata ukun ogana kuwa na ta ƙaratowa. Wani abokin aikina ya ce tausar tsofaffi ba ta da sauri, in samu katako in ɗaure yatsun a miƙe da ƙarfi, rana ɗaya ta isa. Na yi hakan a ofis, na ɗaure da tsumma, na cije haƙori tun safe har tashi. Kafin in iso gida hannun ya kumbura ya yi sulɓi, yana zafi kamar an dafa. Na tura shi ƙarƙashin labule. Yatsunta suka taɓa sau ɗaya, suka janye. Dama kwana biyu kafin nan an aiko daga Wushishi cewa mata biyu na gab da haihuwa, ana nemanta. Sai na ji ta ce, muryarta a sanyaye, "Gaya masa in ya samu wani mai maganin, ni in kama hanya gobe. Akwai masu jirana."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce da matata, "Ki ba ta haƙuri. Ki ce mata tsoro nake ji. In hannun nan bai tashi ba, ban san abin da zan zama ba." Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko matar tawa. Daga bayan labule aka yi ajiyar zuciya. "Gaya masa na sani. Tun ranar farko na ji shi a hannun. Gaya masa kuma ko masinja ya zama, 'yata ba kujera na ba wa ita ba." Ta aika gida cewa ƙanwarta ta karɓi haihuwar. Kwana huɗu ba ta yi tausa ba, sai ruwan ɗumi da ɗaga hannu sama, har kumburin ya saɓe, muka koma kusan inda muka faro.

Wata safiya, tana tura tabon gefe kamar kullum, sai na ji wani abu ya zame a ƙarƙashinsa, kamar zare ya wuce ta kafar allura. Yatsana na tsakiya ya motsa da kansa. Ita ma ta ji, don yatsunta sun tsaya cak, na ji tana hamdala ƙasa ƙasa. Daga ranar abin ya riƙa zuwa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Bayan kamar mako uku ta sa yatsunta biyu a tafina ta ce, "Gaya masa ya matse." Na matse a hankali, don kunya. "Gaya masa ba gaisuwa na ce ba, ya matse da gaske." Na rufe ido na matse iya ƙarfina.

"Wayyo! Sake ni, ɗan nan, za ka karya ni!"

Na saki. Matata ta toshe baki da zane. Ni da Inna kowa ya gane abin da ya faru: ta yi mini magana, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba. Sai dariyar Mama ta ɓarke daga bayan katanga, tana tafa hannu tana cewa, "Ya yi magana! Suruka ya yi magana!" Inna ta tashi da sauri ta shige ɗakin da aka sauke ta, ba ta fito ba sai da na bar gidan. Wannan ita ce magana ɗaya tak da ta taɓa yi mini kai tsaye har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba zan musanya ta da doguwar hirar kowa ba.

Saura kwana tara wa'adina ya cika na zauna a gaban injina. Na buga shafi guda, gumi na ɗiga a kan takarda. Saurin da na yi suna da shi bai dawo duka ba, ƙaramin yatsana kuma bai taɓa miƙewa sosai ba, don haka haruffan da ke gefen dama kullum sukan fito da ɗan haske. Har na yi ritaya, duk wanda ya san aikina yana gane takardata da wannan. Ogana ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa, ya ajiye, ya ce, "Me kake jira? Ga wasiƙu can sun taru."

Ranar da Inna za ta koma, muka raka ta tashar mota da sassafe, ni a gaba da ƙunshin kayanta, su a baya. Ƙunshin na da nauyi, don matata ta cusa masa shinkafa da sabulu da turmin atamfa, Mama kuma ta ƙara doya uku. Ban lura ba ashe da hagu na ɗauko shi, yadda na saba a watannin nan. Motar Zungeru, hanyar Wushishi, ta kusa cika, direba na kan rufi yana ɗaure kaya, ya miƙo hannu in ba shi. Inna ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta tsaya.

"Gaya masa ya mayar da shi ɗaya hannun."

Na sauke ƙunshin ƙasa. Na sa hannun dama, yatsu biyar suka kama ƙullin, na ɗaga shi sama da kaina har direba ya karɓa. Ta gefen ido na ga mayafinta ya juyo, tana bin hannun da kallo tun daga ƙasa har sama. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta shiga ta zauna, ta gyara zanenta.

"To," ta ce da 'yarta ta taga. "Gaya masa ya wuce aiki, kada ya makara."